Nauyin Gashin Barira

Tun tana wata biyar a cikin uwarta
na sayo shi a kasuwar Sinnar,
ɗan rago mai baƙin kunne ɗaya,
muka taho a bayan lori tsakanin buhunan albasa.
Harawa, dusar dawa, ruwan Nilu a bokiti.
In na taso daga gaɓa da yamma
shi ke fara jin takuna kafin mutanen gida.

Daren Laraba ta iso Mai Wurno.
Ungozoma ta ɗaga labule da gwiwar hannu:
"Mace ce, Sha'aibu,"
ta tsaya tana karatun fuskata.
Ban ba ta abin karantawa ba.
Na karɓe ta, ɗumi kamar kisra sabuwar sauka,
na yi mata kiran salla a kunnen dama
muryata na rawa,
na tauna dabino, na shafa mata a dasashi.
Ta yamutsa fuska, sannan ta tsotsa.

Maƙwabcina Ɗan'azumi, yana kurɓar jabana,
ya ce, "Ka ci riba. Da namiji ne sai ka nemo biyu."
Malam Hudu bai ɗago daga tasbaharsa ba:
"A karatun da muka gada, guda ne,
ko ɗa ko 'ya.
Sha gahawarka kafin ta huce."

Ran bakwai, da hantsi,
ni na riƙe ƙafafun.
Na kau da kai daga baƙin kunnen nan.
Bismillahi, Allahu akbar,
baƙar ƙasa ta shanye abin da aka ba ta.
Malam ya miƙe, ya faɗa wa taro sunan:
Barira.
Can cikin gida aka rangaɗa guɗa,
mahaifiyata kuwa ta ja mayafi ta rufe ido,
don sunan uwarta ne aka tasa daga kwana.

Ita ce ta bar Katagum da ƙwarya a ka
tana nufin Ɗakin Allah.
Shekara tara ƙafa na cin hanya,
nan a tsaya a yi damina, can a binne ɗa.
Ta tsinci audugar mutane har yatsunta suka tsage,
ta tara kuɗin jirgin Sawakin,
ciwo ya ci, fari ya ci,
saura liyari ɗaya na azurfa ɗinke a bakin zane.
Tana nan bayan masallaci,
fuskarta ga alƙiblar da ƙafarta ba ta kai ba.

Wanzami ya wasa aska a tafinsa,
ya sauke gashin a hankali, jiƙaƙƙe, baƙi wuluk.
Na ƙulle shi a farin ƙyalle
na kai wa Awad maƙerin fari.
Ya ɗora a ma'auni.
Allura ko gezau.
Ya hure faranti, ya sake ɗorawa, ya yi dariya:
"Ya hajji, numfashina ya fi wannan nauyi."
Sai na laluba aljihu,
na ajiye liyarin a ɗaya gefen.
Faranti ya faɗi ƙwal.
Na ce, "Haka nauyinsa yake. Ma'auninka ne bai sani ba."

Wata gwauruwa mai marayu uku a bakin mashigi
ita ta tafi da shi.
Kuɗin da bai ƙetare teku ba
ya ƙetare kogi a kwalekwale, ya zama hatsi.

Cinya ga ungozoma, kai da ƙafa ga wanzami,
hanta ga mai jego,
romo a kan asida har gidan da ba ma gaisawa.
Mahaifiyata ta ce bakinta ba zai iya sunan ba,
Uwani za ta riƙa kiranta.

Yanzu dare ya raba.
Tabarmi a naɗe, tukwane a kife.
Turke na nan, igiya a kwance.
Na ji kuka, na zabura na ɗauki bokiti,
har na kai tsakar gida
kafin na gane daga ɗaki muryar ke fitowa.